Rajista ta cika, aji ya cika, amma yara nawa ne ke iya karatu?

Makarantar firamare ta ƙauye a Kano ko Jigawa tana da adadin ɗalibai iri uku, kuma da wuya su zo ɗaya. Akwai na cikin rajista, wanda hedimasta yake cikawa a fom ɗin ƙidayar makarantu ya miƙa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga can ya wuce SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha. Akwai yaran da za ka tarar a aji da ƙarfe goma na safe ba tare da an san da zuwanka ba. Sai kuma waɗanda in an miƙa musu layi huɗu na Hausa za su karanta ba gargada. Na farkon ake karantowa a taro, amma na ukun ne ke nuna ko ana aiki.

Kumburin rajista ba duka ne ƙarya ba. Yaro ya tafi almajiranci gabas, yarinya an yi mata aure, iyali sun yi ƙaura, sunayensu na nan ba wanda ya soke. Hedimasta kuma ya san da adadin ake duba rabon malamai da littattafai, don haka hannunsa ba ya saurin kai wa ga jan biro. Shirin ciyarwa na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a 2016, na 'yan aji ɗaya zuwa uku a kan naira 70 kowane yaro a lokacin, shi ma ya jawo ƙananan yara da ba su isa shiga ba suna bin yayyensu. Gyaran wannan matsala aikin SBMC ne, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta: a ƙirga kawuna sau uku a zango, ranaku daban-daban, ɗaya ta zama ranar kasuwa. Wanda aka yi wata guda ba a gani ba, a je gidansu da mai unguwa kafin a taɓa sunansa.

Fashi yana da lokutansa. Zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba, ya faɗa tsakiyar kaka: girbin gero, cirar gyaɗa, roron wake, yankan shinkafa da riɗi. Zango na uku kuma ya haɗu da shuka da noman farko. A yankin Kura da Bunkure, inda ake noman rani, tsinkar tumatir ma tana ɗauke manyan yara. Ƙauyukan da ke cin kasuwar Maigatari sun san Alhamis, na kusa da Wudil sun san Juma'a; 'yan mata kan ɗauki talla tun da sassafe. A kwarin Haɗeja akwai ambaliya, kamar ta 2022 da ta mai da makarantu da yawa masaukin waɗanda ruwa ya kora. Malamin da ya san wannan ba ya fara sabon darasi ranar kasuwa, bita yake yi.

Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35, mai aƙalla shaidar NCE. A ce makaranta tana da yara 420, lissafi ya ba ta malamai 12. In biyar gare ta, har da hedimasta da malamin Arabiyya, to dole wani ajin ya wuni ba kowa sai monita da bulala. Nan ne ake tafka kuskuren da ya fi kowanne tsada: a tura malamin da ya fi ƙwarewa aji shida saboda jarrabawar shiga ƙaramar sakandare, a bar aji ɗaya, wanda ya fi kowane aji cika, a hannun ɗan sa-kai. Aji ɗaya da biyu ne suka fi buƙatar gwani, domin a nan ake koyon haɗa baƙi da wasali. Wanda ya wuce nan bai iya ba, duk abin da za a rubuta a allo daga baya zane ne a wurinsa.

Kuma ba a gane shi da wuri. Malami ya faɗa, aji ya amsa baki ɗaya, muryar yara goma da suka iya ta rufe shirun sauran. Littafin yaro cike da rubutu mai kyau da ya kwafa daga allo, amma bai san me ya rubuta ba. Ƙarshen shekara kowa ya ci gaba zuwa aji na gaba.

Gwajin da ke tona wannan matsala, takarda ɗaya ce. A rubuta baƙaƙe goma, a sa har da ɓ, ɗ, ƙ da ts. Kalmomi goma masu sauƙi irin su rago, tulu, ƙosai. Sakin layi mai jimla huɗu. Sai gajeren labari da tambaya biyu. A kira yaro shi kaɗai, nesa da 'yan ajinsu, a fara masa da sakin layin. In ya karanta, a kai shi labari. In ya kasa, a sauko kalmomi, in ya kasa a sauko baƙaƙe. Minti biyar ya isa yaro ɗaya, ke nan aji mai yara 60 zai ci awa biyar, a raba shi kwana uku. Kada malamin ajin ya gwada nasa yaran, tausayi zai sa ya riƙa ɗora musu kalma a baki. A kuma tanadi takarda iri biyu, don yara suna fita suke gaya wa juna abin da ke ciki. Lissafi ma haka: gane lamba, ragewa mai aro, sannan rabawa.

Da an samu sakamako, sai a ware awa ɗaya kullum, a rushe aji huɗu zuwa shida a raba su bisa matakinsu: 'yan baƙaƙe, 'yan kalmomi, 'yan labari. Wannan salo ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da shi, an kuma gwada shi a Wudil da Dawakin Tofa tun daga 2019. Kayan aikinsa ba su da tsada: katin gaɓoɓi na ba, bi, bu da aka yanka daga kwali, da tsinken tsintsiya da ake ɗaurewa goma-goma da kyauro. Yaron da ya kwance ƙulli ɗaya da hannunsa don ya cire 7 daga 32 ya gane ma'anar aro fiye da wanda aka yi wa bayani a allo.

Inda abin ke lalacewa sananne ne. In aka sa awar bayan an tashi, yara sun gudu gida ko Islamiyya, don haka da safe ya kamata, kafin tara. In aka kira rukunin ƙasa ajin daƙiƙai, babban yaro ɗan aji shida zai daina zuwa. A ba rukunonin sunan launi ko na tsuntsaye. Sannan a sake gwaji duk bayan mako shida a ɗaga waɗanda suka wuce, in ba haka ba rukunin ya zama wani ajin dindindin. Sakamakon kowane gwaji, adadi kawai ba sunaye ba, a rubuta shi a kwali a manna a ofishin hedimasta, a kuma karanta wa iyaye a taron SBMC a gaban dagaci da liman, tare da adadin rajista da na ƙirgen kawuna.