Tambayar Bencin Baya

Talata. Da hazo aka tashi, babur ya ƙi tashi sai da Auta ya tura ni har bakin titi. Shayi a tsaye, ƙosai biyu a takarda. Na isa makaranta an riga an shiga aji.

Abin da ya hana ni sukuni ya faru ne a darasin ƙarshe, wajen 'yan aji shida. Mun kammala abin da ke manhaja da sauran minti goma, sai na ce bari in ba su labarin muwon, wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya da ido ba ya gani, kamar yadda nake yi duk shekara idan lokaci ya ragu. Na ce kowa ya buɗe tafin hannunsa. Na faɗa musu a duk sakan guda, kusan ƙwayar muwon ɗaya ce ke ratsa tafin nan ta wuce, ta ratso kwanon rufi da silin, ba wanda ya ji ta. Can sama ake haifar ta, wajen kilomita 15, inda ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin samaniya ke karo da iska. Amma ba ta da tsawon kwana. A matsakaici, idan ka raba sakan ɗaya gida miliyan, kashi 2.2 kawai take rayuwa, sai ta tarwatse. Na rubuta lissafin a allo: ko da gudun haske take yi, kusan kilomita 300,000 a sakan, mita 660 za ta ci kafin ta ƙare. To yaya aka yi ta iso hannunku?

Shiru. Ina son irin wannan shirun.

Sai na kawo musu abin da Einstein ya fitar a 1905, cewa agogon abin da ke tsananin gudu jinkiri yake yi idan mu muka auna shi. Muwon da ke gudun kashi 99.9 cikin ɗari na gudun haske, rayuwarta a agogonmu tana ninkuwa wajen sau 22, hakan ya ishe ta isowa ƙasa.

A nan ne yarinyar nan ta bencin baya, wadda tun farkon zango ban ji muryarta ba in ba wajen kiran suna ba, ta ɗaga hannu rabi-rabi.

"Malam, ita ƙwayar fa, ta san agogonta ya yi jinkiri?"

Wasu suka tuntsire da dariya, wani ya ce wai ƙwaya ce ke ɗaura agogo. Aka buga ƙararrawa. Ni kuma hankalina yana kan takardun gwajin da ban gama dubawa ba, na ce, "Wannan ba ya fitowa a jarrabawa, ku tashi." Ta sauke hannun a hankali, ta gyara hijabinta, ta fita tana kallon ƙasa.

Wallahi tun a kan babur abin yake cin raina. Ni ne kullum nake ce musu matambayi ba ya ɓata. Kuma tambayarta ita ce zuciyar maganar gaba ɗaya. Na shekara da shekaru ina ba da labarin nan, ba ɗalibin da ya taɓa hango wannan gefen.

Maman yara ta ajiye tuwo, ta dube ni. "Malam, lafiya kuwa? Ko albashin ne?" Na ce a'a. Ta ce to in ci kafin ya huce.

Bayan Isha'i na juya bayan wata takardar gwaji na zauna da biro. Amsar ita ce a'a, ba ta sani ba, domin a wurinta babu abin da ya yi jinkiri. Da za a liƙa mata agogo, 2.2 ɗin nan zai nuna cif. Abin da ya sauya a wurinta shi ne hanyar. Ita a ganinta tana zaune ne, duniya ce ke rugowa gare ta, kuma kilomita 15 ɗin nan na iska ya takure sau 22, ya koma wajen mita 670. Wannan kuwa ɗan kwanan nata ya isa ta ƙetare shi. Mu mu ce lokacinta ya miƙe, ita ta ce hanya ta gajarta, ba wanda ya yi ƙarya, kuma duka mun haɗu a kan cewa ta iso tafin hannun. Na daɗe ina kallon lambobin biyu, 660 da 670, tsigar jikina tana tashi. Subhanallah.

Kuma an gwada. Wasu masana kimiyya biyu, Frisch da Smith, sun ƙirga muwon a kan Dutsen Washington da ke Amurka, suka samu wajen 563 a awa. Suka sauko daidai da doron teku, suka samu wajen 412. Da lokaci ba ya miƙewa, da ko talatin ba za su kai ba. A 1963 suka wallafa. Da na so ta ji wannan. Da na so ta ji labarin cibiyar binciken kimiyya ta CERN ma, da zoben nan nata mai kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa a iyakar Faransa da Suwizalan, inda furoton, wani nau'in ƙwaya shi ma, ke zagayawa fiye da sau 11,000 a sakan, amma duk ƙarfin da aka ɗura masa haske yana gabansa da wajen mita 3 a sakan. Gudun mai sassarfa ke nan, kuma ba a taɓa cike wannan giɓin ba.

An ɗauke wuta. Na ƙarasa da fitilar waya.

Tarin Inna ya yi sauƙi, alhamdulillahi. Ba a kawo ruwa ba yau ma.

Ba ni da ajinsu sai Alhamis. Ina tsoron kada kafin nan ta yanke wa kanta cewa tambayar wauta ta yi. Na naɗe takardar na sa a aljihun rigar da zan saka gobe. Lokacin tara zan leƙa ajin, in kira ta, in ce ta maimaita tambayar da ƙarfi a gaban waɗanda suka yi dariya.