Ba kowane kogi ne na garinku ba

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna laluben takalma a ƙofar masallaci, wani yaro ɗan ƙasarmu ya tare ni wai in ara masa kular ruwa da tabarmar roba. Karatu ne ya kawo shi Saskatoon, kwanan nan kuma matarsa ta iso da ɗansu mai koyon tafiya. Na ce ina aka nufa? Ya zaro waya ya nuna min bidiyon wasu matasa a kan tsibirin yashi a tsakiyar kogi, ruwa iya ƙwauri, ana ta tsalle-tsalle.

"Kawu, nan za mu gobe in Allah ya kai mu. Ai ba zurfi. Kuma ni fa a bakin Kogin Kaduna na tashi."

Maganar nan ta ƙarshe ita ta hana ni barci, don da bakina na taɓa faɗin irinta. Nawa kogin Binuwai ne, a Jimeta.

Ga masu karatu daga gida: Saskatoon gari ne a lardin Saskatchewan na Kanada, ƙasa shimfiɗe, gonakin alkama da kanola (shukar da ake matse man girki daga irinta) iya ganinka, babu dutse babu tsauni. Kogin South Saskatchewan ya raba garin biyu. Tun 1979 aka kafa hukumar Meewasin don kula da kwarinsa, kuma hanyar ƙafa da aka shimfiɗa a gaɓoɓin biyu ta haura kilomita 100. A cikin gari yawancinta sumul take, mai tura keken jariri yana bi, tsoho mai dogara sanda yana bi. Sauƙin nan shi ya sa na raina ta.

A damina ta farko da iyalina suka iso, maman yara ta ce mu tako daga River Landing, inda aka yi wa yara wurin wasa da feshin ruwa, mu bi ta bayan otal ɗin Bessborough, mu ci abinci a kan ciyawa mu dawo. Na ce wannan ai yawon 'yan fansho ne. Na zuba su a mota muka nufi Cranberry Flats da ke kudu da gari. Ƙarshen watan Yuni ne. Akwai hanyar katako da aka yi har zuwa wani wurin tsayawa inda za ka hango kogin a ƙasa, da ciyawa da itatuwa a gefe. Da a nan muka tsaya, da ba ku karanta wannan ba. Amma na hango fararen tsibiran yashi, sai yarinta ta motsa min. Muka gangara da silifas, da kular shinkafa da miya, da gorar ruwa guda ɗaya tak ga mutum huɗu.

Wata tsohuwar Baturiya da ke hawowa da karenta ta dubi yaran ta ce min in kula da bakin yashin, yana yankewa. Na yi mata godiya irin ta wanda bai ji ba.

Ruwan garau yake, kana ganin yatsun ƙafarka da layi-layin yashi a ƙasa. Sanyinsa ne kawai ya ba ni mamaki, yana cizo har cikin ƙashi ga rana tana dukan ƙeya. 'Yata tana gabana da taki ɗaya, ta tattare siket, ruwa bai kai mata gwiwa ba. Ta ƙara taki guda. Ban ga ta faɗi ba, gani na yi kawai ta gajarce, ruwa ya kai mata wuya. Na cafko hijabinta ta baya, yashin da na taka shi ma ya fara zubewa a ƙarƙashina, ruwan yana fizgar ƙafafunta gefe. Ko ihu ba ta yi ba, sanyi ya ɗauke mata numfashi. Da na jawo ta kan tudu, leɓenta yana rawa, silifas ɗinta guda yana can yana tafiya, uwarta kuwa salati take ta yi ba ƙaƙƙautawa.

Na daɗe ina kare kaina, har yanzu ma wani lokacin ina yi. Ai ba mu kaɗai ba ne a kan yashin ranar, da 'yan ƙasa da 'ya'yansu. Dokar da ta hana iyo a kogin ta cikin iyakar birni ce, mu kuwa muna waje, ban karya doka ba. Kuma wane uba ne zai fito da yara daga ɗakin haya bayan dogon hunturu ya ce su tsaya a kan katako su yi kallon ruwa daga nesa? Niyyata mai kyau ce. Sai dai duk wannan surutu ne. Yashin kogin nan a hankali yake taruwa ta ɓangaren da ruwa ke tahowa, ta ɗaya ɓangaren kuwa gangare ne a tsaye, kuma wurinsa yana canzawa. Ruwan daga ƙanƙarar tsaunukan Rocky yake tasowa, ya taru a tafkin Diefenbaker, a sake shi ta madatsar Gardiner da aka gama a 1967, kimanin kilomita 100 sama da mu. Ƙarfinsa bai danganta da ko an yi ruwan sama a kanka ba. Abin kunyar shi ne ni ɗan Jimeta ne, na san abin da sakin ruwan Lagdo daga Kamaru yake yi wa mutanenmu, amma ko tambaya ban yi ba wa ke riƙe da bakin wannan.

Ban tsaya a nan ba. Don in wanke kunya, na ce na san yanke zuwa mota, na bar hanya na ratsa da su cikin doguwar ciyawa. Ruwan sha ya ƙare, ƙaramin ya ƙi tafiya, na saɓa shi a wuya ga kula a hannu. Da dare wajen wanka aka ga kaska manne a bayan kunnensa, wata a ƙugun yayarsa. Har an kawo ashana, Allah ya sa maƙwabciyarmu ta shigo ta hana. Da matsefata ta kama kan kaskar daf da fata ta ja a hankali, ta wanke wurin da sabulu. Maman yara ba ta ce min komai ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari masu yawa, 'ya'yana, amma da na tace su ba su da yawa.

Kada ku shiga kogin nan da yara. Ba ruwana da abin da kuka gani a TikTok. Wanda ya ɗauki bidiyon ba ya ɗora na ranar da motar 'yan kwana-kwana ta zo da jirgin ceto. Ku yaran yanzu in abu bai yi kyau a hoto ba kamar bai faru ba, an fita shan iska amma kowa hancinsa a kan waya, ɗa yana can gaba ba wanda ya lura. Ku ajiye wayar nan. To, ba ina nufin a gida ba, ku tafi da ita cike da caji, don da ita za ku duba hasashen yanayi, da ita za ku kira lambar gaggawa ta 911. A aljihu dai.

Ku fara da hanyar da na raina. Daga River Landing ku bi gaɓar yamma zuwa arewa, iya ƙarfin mafi ƙanƙantarku. In kun kai ɗan madatsin da ke kusa da gadar jirgin ƙasa, daga bazara zuwa kaka za ku tarar da kwasa-kwasa farare suna kamun kifi a gindinsa, yara ba sa gajiya da kallonsu. Daga bayan shinge za a kalla, ruwan da ke ƙasan madatsin juyawa yake yi, abin da ya faɗa ba ya saki. In ƙafa ta saba, sai Beaver Creek, kilomita 13 kudu da gari a kan hanya mai lamba 219: gajerun hanyoyi ne, ƙananan tsuntsaye suna sauka a tafin hannu su ɗauki iri, kuma ba a shiga da kare, ga wanda ke gudun a lashe masa tufafin salla. Mai wannan damuwar ya kauce wa wurin shan iska na Chief Whitecap, can sake karnuka ake yi. Wurin tarihi na Wanuskewin kuma, arewa da gari, ana biyan kuɗin shiga amma ya cancanta. 'Yan asalin ƙasar sun fi shekara 6,000 suna taruwa a kwarin, kuma a 2019 aka dawo da ɓaunayen da aka kusa ƙararwa a da.

Ku juyo tun yaro bai ce ya gaji ba, don duk takin da aka yi sai an biya shi a dawowa, kuma a wuyanku za a biya. Rana a Yuni sai wajen ƙarfe 9:30 take faɗuwa, tana ruɗar baƙo ya zarce, la'asar ma ta kuɓuce masa. Hadari kuwa in ya taso a wannan fili babu wurin fakewa, wani lokacin har da ƙanƙara, in kun hango shi ku nufi mota. A Mayu da Yuni a sa dogon wando, a cusa ƙafarsa cikin safa, a duba jikin kowa in an dawo. Takalmi rufaffe. Ruwa kowa da gorarsa.

Kuma kada wani ya ce Kawu ya hana fita. Wanda ya kulle 'ya'yansa a ɗaki saboda labarina ya fi ni wauta, hunturun garin nan ya ishe su kulle. Ni kaina har gobe in na samu bakin gaɓa mai tsakuwa ina tsoma ƙafa, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ni ne, ba ku ba, kuma ba da yaro a hannu ba.

Saura hunturu, tunda na san akwai mai shirin ɗaukar hoto a kan ƙanƙara. Hanyar cikin gari ana share ta, a sa kaya masu kauri a bi ta. Kogin kuwa ko ya yi fari fat kada a taka. Tashar lantarki ta Queen Elizabeth tana sako ruwa mai ɗumi a cikinsa, shi ya sa za ku ga wani ɓangaren a buɗe yana hayaƙi a tsakiyar Janairu, kuma abin da ya daskare a gefensa ba ya ɗaukar mutum.