Ku Karanta Ƙa'idar da Kwamfuta Ta Fitar Kafin Ku Yi Murna

Ƙannena masu koyon rarraba bayanai, hanyar da na fara aiki da ita ita ce wadda ake kira LAD, wato nazarin bayanai bisa manɗiƙi, wadda Peter Hammer na Jami'ar Rutgers a Amurka ya gabatar a 1986. Ana sanya wa kowane awo iyaka, a mayar da shi tambayar e ko a'a, sannan a nemo haɗin sharuɗɗan da ke bayyana a rukuni ɗaya amma ba ya bayyana, ko ba kasafai yake bayyana ba, a ɗaya rukunin. Amfaninta shi ne mutum yana iya karanta ƙa'idar da ta fito, ya auna ta da hankalinsa, kuma wannan amfanin ne na yi watsi da shi.

Na gwada ta a kan sanannun bayanan ciwon sukari na matan ƙabilar Pima ta jihar Arizona, mata 768, daga ciki 268 suna da ciwon, 500 ba su da shi. Da ƙa'idoji suka fito, alkaluman dacewa kawai na duba, na kai wa malamina ina jin na gama. Ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya, ya ce in karanta masa da ƙarfi, sai na ji bakina yana faɗin sharaɗin da ya ware matan da awon hawan jininsu sifili ne. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin mai rai da irin wannan awo. Ashe a waɗannan bayanai sifili yana tsaye ne a gurbin awon da ba a samu ba, kuma haka yake ga mata 35 a awon hawan jini, da 374 a awon insulin (sinadarin da ke daidaita sukari a jini), kusan rabinsu ke nan. Kwamfuta ba ta yi laifi ba, domin abin da na ba ta shi ta tace.

Kuskurena na biyu ya fi wuyar ganewa. Na dage sai ƙa'ida ta fito tsaf, ba ta kama ko mutum ɗaya daga ɗaya rukunin ba, na yi ta ƙara sharuɗɗa har ta koma tana siffanta mata ƙalilan. Wannan hadda ce, kuma da na gwada ta a kan bayanan da ba ta taɓa gani ba, sai ta watse. Ku fifita ƙa'ida mai sharaɗi biyu ko uku wadda ta shafi mutane da yawa, ko da tana kuskure nan da can, kuma ku ware bayanan gwaji tun kafin ku zaɓi iyakoki, kada ku leƙa su.

Ku kuma riƙe wannan lissafi: wanda ya ce dukkan matan nan lafiyarsu lau zai dace a kusan kashi 65 cikin ɗari ba tare da ya koyi komai ba. Alkaluman da na kai wa malamina ranar nan da kaɗan suka ɗara haka.