Wanki da wankin banɗaki a gidan da ruwa ba ya zuwa kullum

Duk uwar da take zaune a gidan haya a unguwannin Accra irin su Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, tana fita nema da safe ta dawo da yamma, ta san cewa samun ruwa ya fi cuɗar kayan wahala. Famfo yakan kawo ruwa yau ya ɗauke gobe, wani lokaci ma sai tsakar dare yake zuwa, sauran kwanakin kuma sai a saya a galan ɗin nan mai ruwan ɗorawa da muke kira galan ɗin Kufuor, wanda yake ɗaukar wajen lita 25. Wannan ne ya sa nake ganin bai kamata mace mai aiki ta ɗaure wankinta da ranar Asabar ba. Abin da ya fi dacewa shi ne ta tsara shi bisa zuwan ruwa, kuma ta haɗa wanki da wankin banɗaki su zama aiki ɗaya, domin ruwan da ya gama aiki a baho yana da sauran amfani a daɓen makewayi.

Kayan makarantar yara su ne na farko, saboda su ne ba sa jira. Idan yara suka dawo, sai su tuɓe su zuba a bokiti mai ɗan ruwa da garin sabulu kaɗan, a bar su su jiƙa daga Magariba zuwa bayan Isha'i. Jiƙawa tana rage wahalar cuɗa sosai, musamman a wuyan riga da hammata da safa, amma kada a bar kaya su kwana biyu a ruwa, domin za su yi tsami, warin kuma da wuya ya fita. Wuyan riga ana goga masa sabulun sanda irin su Key soap tun kafin a jiƙa. Farare, wato kayan Juma'a na maigida da hijabin Islamiyya, a ware musu bokitinsu, in ana so a sa ɗan bula a ɗauraya ta ƙarshe. Atamfa da shadda kuwa ba sa son garin sabulu mai ƙarfi ko dogon jiƙo. Sabulun salo, wanda ake kira alata samina a kasuwa, ya wadatar, a juya bayan zanen waje, a shanya a inuwa don kada launi ya koɗe.

Tabo ma kowanne da hanyarsa. Jini da ruwan sanyi ake wanke shi, domin ruwan zafi yana dafa shi ya kama zare. Manja, wanda ba a raba shi da rigar yaron da ya ci wake da soyayyar ayaba, a goga masa sabulu a wanke, sannan a baza wurin a rana, hasken rana yana cinye jan launin da ya saura. Tsatsar da igiyar ƙarfe take bari a farin kaya kuwa ruwan lemun tsami da ɗan gishiri suna rage ta.

Ruwan ɗauraya ta ƙarshe kusan tsabtatacce ne, don haka shi nake jiƙa kaya na gaba da shi. Ruwan kumfa na farko, idan na kayan makaranta ne ko zannuwan gado, shi nake kaiwa banɗaki in watsa a daɓe da gindin bango, in bar shi yana aiki yayin da nake shanya, sannan in dawo da buroshi ko guntuwar tsintsiyar da aka ware domin wannan aiki kaɗai. Abin da ya rage a kora masai da shi. Ta haka banɗaki yakan samu gogewa duk ranar da aka yi wanki, ba tare da an buɗe sabon galan ba, kuma gansakukar da take sa daɓe santsi har tsofaffi da masu juna biyu su zame ba ta samun damar kamawa.

Akwai ruwan da ba ya shiga wannan lissafi, kuma a nan nake so 'yan'uwana mata su kula sosai. Ruwan da aka wanke nafkin jariri da shi, ko kayan wanda ya yi gudawa ko amai, masai yake tafiya kai tsaye. Ba a jiƙa wani kaya da shi, ba a watsa shi a tsakar gida inda yara suke rarrafe, ba a kuma kwarara shi a kwatar ƙofar gida. A fara kawar da najasar a masai, a ɗauraye wurin da ruwa mai tsarki, sannan a sa sabulu, a baho na daban wanda ba a wanke kwanuka ko sauran tufafi a cikinsa. Addini ya riga ya koya mana wannan a babin tsarki, ilimin lafiya kuma ya zo da dalilinsa. Waɗanda suke Accra a 2014 ba su manta da annobar kwalara ba, wadda ta kama sama da mutum 28,000 a faɗin Ghana, ta yi ajalin fiye da 200, kuma mafi yawan waɗanda suka kamu a nan yankin Accra suke. Cuta ce da take bi ta bayan gida ta koma baki ta hannu da ruwa da abinci, shi ya sa ajiye sabulu kusa da buta a ƙofar makewayi ya fi duk wani turaren da za a fesa a ciki muhimmanci. Nafkin zamani da ake yarwa kuma a ƙulle shi a leda a kai bola, domin shi da ledoji ne suke toshe kwatoci idan ruwan watan Yuni ya sauko.

Maganin wanki mai sinadarin kulorin, wanda yawancinmu muke kira Parazone ko da wane kamfani ne ya yi shi, yana kashe ƙwayoyin cuta ƙwarai, amma mutane da yawa suna amfani da shi ba bisa ƙa'ida ba. Datti yana raunana shi, saboda haka sai an wanke wuri da sabulu an ɗauraye kafin a zuba shi. Ba a buƙatar a tuttula shi tsagwaronsa. Ƙananan cokula huɗu a lita ɗaya ta ruwan sanyi sun isa a shafe bakin masai da hannun ƙofa da daɓe, a bar shi kamar minti goma kafin a kora. Wanda aka surka yana rasa ƙarfinsa cikin yini guda, don haka a haɗa daidai na ranar. Babban haɗarin shi ne gauraya shi da wani magani. Idan ya haɗu da maganin wanke masai mai tsami, ko ruwan lemun tsami, ko duk abin da yake da sinadarin amoniya, yakan fitar da iska mai guba da take ƙona ido da maƙogwaro da huhu, banɗakunanmu kuwa ƙanana ne, wasu ko taga ba su da ita. A yi amfani da magani ɗaya a lokaci guda, ƙofa a buɗe.

Wurin ajiya ma abin lura ne. Kada a juye maganin wanki ko ruwan soda na haɗa sabulu a robar ruwan sha ko kwalbar lemo, domin yaro mai jin ƙishi ba ya bambancewa, kuma soda tana ƙona maƙogwaro ƙuna mai barin lahani na tsawon rai. A bar kowane magani a mazubinsa, a ɗora shi sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Haka nan bokiti ko baho mai ruwa a rufe shi ko a kife shi bayan aiki, saboda yaro mai koyon tafiya yana iya faɗawa da ka cikin ruwa kaɗan ya kasa fitowa, ga kuma sauro da yake ƙwai a ruwan da aka bari a buɗe.

Shanya tana da nata yanayi. Daga Afrilu zuwa Yuli iskar Accra tana da laima sosai, kaya sukan yini ba su bushe ba, idan aka ninke su da sauran danshi kuwa sai su yi fumfuna, don haka gara a rage yawan abin da ake wankewa a lokaci ɗaya, a matse sosai, a bar tazara tsakanin kaya a igiya. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kaya suna bushewa nan da nan, sai dai a kwashe da wuri kafin ƙura ta hau su. Ba na son shanya kayan yara a ƙasa ko kan katanga, domin akwai ƙudan da yake zuba ƙwai a ƙasa da tufafi masu danshi, tsutsarsa ta shiga fata ta fito kamar maruru. Guga da zafi tana kashe ƙwan, shi ya sa nake goge har ɗan kamfai da kayan jariri, in kuma an ɗauke wuta sai a koma ga dutsen guga na gawayi.

A gidan da ɗaki shida ko takwas suke amfani da banɗaki ɗaya, duk ƙoƙarin mace guda ba zai isa ba. A gidanmu Hajiya mai gida ce ta tara mu, aka raba kwanaki tsakanin ɗakuna, aka kuma amince kowane ɗaki ya riƙa ba da ɗan kuɗi a wata domin sayen magani da buroshi, har da ɗakunan samari marasa aure, tunda su ma suna shiga. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Yara ma suna da rabonsu: ɗan shekara bakwai yana iya wanke safarsa da ɗan kamfansa, ya ɗauraye sosonsa ya rataye, ya baza tawul ɗinsa a igiya maimakon ya cusa shi a bayan ƙofa. Kowane yaro da nasa soso da tawul, domin ta hanyar haɗa su ne makero yake bin yaran gida ɗaya bayan ɗaya. Maganin kulorin kaɗai ne ba na bari su taɓa, sai sun kai munzalin da za su karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar su fahimta.