Godiya ga waɗanda suka tsaya kan matsalar gubar dalma a Zamfara

Assalamu alaikum. Wannan saƙo ne daga masu aikin lafiya da na tsabtar muhalli zuwa ga duk wanda ya sa hannu a yaƙin da aka yi da gubar dalma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, tun daga 2010 da aka ga yara na mutuwa da jijjiga har zuwa 2022 da ƙungiyar likitoci ta MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha. Yara sama da 400 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Godiyarmu ta farko ga leburorin da suka kankare ƙasa. Ba a cika ambatonsu ba, alhali ba don su ba da magani bai yi amfani ba. Dutsen zinaren wannan yanki cike yake da dalma. Aka riƙa kawo shi cikin gida, a fasa da guduma, a daka a turmi, a niƙa a busashe a injin niƙan hatsi, a shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A wasu wuraren dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 10 cikin ɗari, wato miligiram 100,000 a kilo ɗaya, ga shi ma'aunin da aka yi aiki da shi bai yarda ta wuce miligiram 400 a kilo ɗaya na ƙasa ba. Sai da aka bi gida-gida da na'urar awo ta hannu. Inda awo ya haura 1,000, a kankare santimita 5 na saman ƙasa da fartanya da shebur, a sake aunawa, a ɗura a buhu, a kai ramin da aka haƙa a wajen gari a binne, sannan a shimfiɗa sabuwar ƙasa da aka tabbatar da tsabtarta. Inda bai kai haka ba amma ya wuce 400, a rufe da ƙasa mai kyau. Haka aka yi a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ana tsere da damina, daga baya Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Tungar Guru. Injiniyoyin kamfanin gyaran muhalli na TerraGraphics da cibiyar yaƙi da gurɓatar muhalli ta Blacksmith suka tsara aikin, amma mutanen gari ne suka sha ƙurar.

Garin Bagega kuwa ya jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin gyara. Muna godiya ga 'yan jarida da matasan da suka hana maganar mutuwa. A tsawon jiran nan ba a iya fara ba yaran garin magani gadan-gadan ba, kuma da dalili: a wanke jinin yaro a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke da guba, ɗibar ruwa ne da kwando.

Iyaye mata, ku kuka ɗauki mafi nauyi. Ana ba yaro maganin DMSA mai fitar da dalma daga jiki ne idan dalmar jininsa ta kai maikirogiram 45 a desilita, kuma gwargwadon nauyinsa ake auna shi, miligiram 10 ga kowane kilo. A tsarin da aka fi sani, sau uku a rana na kwana 5, sai sau biyu a rana na kwana 14. Warinsa ba daɗi, yara na tofarwa, wani ya yi amai, amma kuka daure. Abin da ya fi karya gwiwa shi ne a gama zagaye, awo ya sauka, bayan 'yan makonni ya sake hawa. Ba maganin ne ya gaza ba. Dalma na ɓuya a ƙashi, jini na raguwa sai ta sake tsattsafowa, shi ya sa wasu yaran suka yi zagaye da yawa. Wani lokacin kuwa hawan alama ce cewa an sake shigo da dutse gida. Muna kuma jinjina wa masu rainon yaran da gubar ta riga ta taɓa wa ƙwaƙwalwa ko gani, domin magani na rage dalma ne kawai, ba ya mayar da abin da ya lalace.

Ga masu awon jini ma godiya ta musamman. Ƙaramar na'urar da aka shiga ƙauyuka da ita ba ta karanta abin da ya wuce 65, kuma jinin yara da yawa ya zarce haka nesa ba kusa ba, sai an tsarma shi an sake aunawa kafin a san haƙiƙanin adadin.

Iyayenmu sarakuna, hakimai da dagatai, Allah ya ƙara girma. Ku kuka ba da umarnin fitar da injinan niƙa daga cikin gari, kuka sa magidanta suka buɗe gidajensu aka shiga aiki. Malamai kuma suka yi bayani a masallatai lokacin da wasu ke cewa iskoki ne.

Masu haƙar zinare, ba mu taɓa ganin hana ku sana'a a matsayin mafita ba, don wanda zinare ke ciyar da shi ba zai bari ba, ɓoyewa kawai zai yi, ɓoyon kuma cikin ɗaki ake yinsa. Mun gode wa waɗanda suka koma jiƙa dutse da fesa ruwa lokacin niƙa, suke wanka da sauya kaya a wurin aiki kafin su nufi gida. Muna roƙon a ci gaba da haka. Kada a zuba hatsi a buhun da ya ɗauki dutse. Turmin da ya daka dutse ya bar kicin har abada. Kada a yi tubali da lakar kududdufin da aka wanke garin dutse a ciki, kada a ƙona zaiba kusa da yara ko mai ciki. Gubar dalmar da ta ɓarke a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015 ma ta hanyar sarrafa dutsen zinare ta biyo.

Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 da ke zaune kusa da wurin niƙa, a kai shi awon jini ko da lafiyarsa ƙalau, domin yawancin masu gubar ba sa nuna alama sai ta yi nisa. Idan kuwa ya fara amai da kasala da jijjiga, a faɗa wa ma'aikacin asibiti sana'ar gidan tun a bakin ƙofa, kada a tsaya kan maganin zazzaɓin cizon sauro kaɗai.

Allah ya saka wa kowa da alheri.