Kafin ka ɗaure doki a ƙofar gidanku

Da zarar azumi ya raba tsakiya sai ka ga samarin cikin birnin Kano suna zarya tsakanin Kasuwar Kurmi da gidajen masu dawaki. Wannan yana neman zubka, wancan yana cinikin likkafa, wani kuma doki ɗungurungum yake son ɗaurewa kafin Sallah, alhali kuɗin harawar wata guda ba ya aljihunsa. Ba na yi muku dariya, ƙannena, don hanyar da kuke kai na bi ta, kuma na faɗa ramukanta.

Mu namu son dokin ta ƙofa biyu ya shige mu. Ta farko Ƙofar Kudu, ranar Hawan Daushe. Muna yara ake ɗora mu a kafaɗa mu hango 'yan lifidi da 'yan sulke, dogarai cikin ja da kore, kakaki na tashi, bindiga na tashi, sannan hakimai su zaburo su yi jahi a gaban marigayi Sarki Ado Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1963 har 2014. Mu koma gida mu hau dokin kara, mu cika lungu da ƙura. Ƙofa ta biyu silima ce, su Orion da Plaza, inda kaboyi zai diro daga saman soro ya faɗa kan sirdi, ya yi ta sukuwa daga hantsi har faɗuwar rana. Ku kuma yanzu fina-finan tarihi na Turkiyya ne da gajerun bidiyon TikTok. Duk kanwar ja ce. A fim ba a nuna maka doki yana cin ingirici, ba a nuna mai kwashe masa kashi. Ba a gaya maka dawaki da yawa masu kama ɗaya ake sauyawa a matsayin doki guda, kuma gudun da ka gani na 'yan daƙiƙu ne aka yanka aka haɗa. Dokin gaske idan ka sake shi iya ƙarfinsa, kilomita biyu zuwa uku ya gama.

Wautata ta farko a hawan angwancin wani abokina na tafka ta. Na yi hayar wani doki bikili, na ɗaura kaimi, ban taɓa hawa fiye da zagayen fili ba. Abin da ban sani ba shi ne linzaminmu na gargajiya ba abin wasa ba ne. Yana da zobe da ke zagaye haɓar doki da ƙarfe da ke danna masa ganɗa, shi ya sa gwanaye ke tsayar da ingarma cak da 'yan yatsu kawai. Ni kuwa hannu biyu na sa ina fizga, ƙafa na zungura da kaimi, wato ina cewa tafi ina cewa tsaya a lokaci guda. Muka hau kwalta. Yawancin dawakinmu ba a sa musu takalmin ƙarfe, kuma ko an sa, kwalta santsi gare ta. A wata kwana ƙafafun gaba suka zame, muka yi ƙasa, muka kifar da farantin wata yarinya mai tallan gyaɗa. Allah ya tsare farantin kaɗai muka samu. Da ita ce a gurbinsa, da yanzu wani labari ake yi.

Ni aka kai wajen mai ɗori da karyayyen hannu. Da na samu sauƙi na je ba da haƙuri, na tarar da tsohon murin bargar, wato mai kula da dawakin, a tsugune yana wanke gwiwoyin dokin da ruwan ɗumi da gishiri. Na gaishe shi, na ce, "Baba, a yi haƙuri." Bai ɗago ba. Sai ya buɗe bakin dokin ya nuna min inda linzami ya tsaga, ya ce, "Ɗan nan, gwiwa za ta warke. Wannan kuwa ya riƙe shi, duk wanda ya zo sa masa linzami sai sun yi rigima." Tun daga ranar na daina gunaguni idan hukuma ta hana kilisa a titunan gari. Mai son gudu ga filin sukuwa can a Nassarawa, ƙasa ce, ba motoci, ba 'yan talla.

Wai a hakan ban daddara ba. Na ce ai kayan aro ne ba ya rufe katara, bari in sayi nawa. Masu abin suna tafiya kasuwanni irin ta Maigatari ranar Alhamis tare da wanda ya san doki. Ni a wata barga a bayan gari na saya, da yamma, tare da abokin da bai fi ni sanin komai ba. Launi na bi. Akawal ne baƙi wuluk, an ɗaura masa sirdi an shimfiɗa jalala, sai sheƙi yake. Da muka sauke sirdin a gida sai ga gyambo a gadon bayansa.

Don haka kar ka yi cinikin doki da sirdi a kansa. A tuɓe shi, ka shafa bayansa da hannunka. Tabon farin gashi a inda sirdi ke zama alamar tsohon ciwo ce. Ka je da sassafe, kafin a motsa shi jikinsa ya yi ɗumi ya ɓoye ɗingishi. A ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo. Idan yana ɗaga kai duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taka, wannan ƙafar tana da magana. A ɗaga maka kofato huɗun ɗaya bayan ɗaya ka duba, ka sansana. Shekaru kuma a haƙoran gaba suke: na tsakiya suna sauyawa wajen shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, a shekara biyar baki ya cika. Daga nan haƙoran sai su riƙa cinyewa suna karkatowa gaba. Dillali ba maƙiyinka ba ne, amma la'adarsa sai an sayar take fitowa.

Inda na fi jin kunya shi ne ciyarwa, kuma a nan ne samari suka fi kashe dawaki da sunan gata. Gyambon ya warke, Sallah ta matso, na ga dokina bai yi ƙiba irin ta dawakin hakimai ba. Sai na shiga zuba masa dawa da gero, kwano bayan kwano, na rage harawa don ta yi tsada. Ban san doki, duk girman jikin nan, tumbinsa ƙarami ba ne, kuma ba ya iya amai. Abin da ya shiga sai dai ya wuce ta baya. An halicce shi ne ya yini yana tsintar ciyawa kaɗan-kaɗan, ba ya cika ciki da hatsi a zama ɗaya ba. Harawa da ingirici su ne abincinsa, kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kullum, wato doki mai kilo 350 yana buƙatar wajen kilo 7. Dusa da hatsi ƙari ne, gwargwadon aikin da yake yi, a raba su safe da yamma. Duk wani sauyin abinci a yi shi sannu a hankali cikin mako guda ko fiye. Ruwa kuwa yana shan lita 25 zuwa 40, a zafin Maris da Afrilu ya wuce haka.

Wani dare bayan asham aka kirawo ni. Na tarar da shi ya jiƙe sharkaf da gumi, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, ya kwanta ya yi birgima ya tashi. Babu kashi ko ɗaya a turken tun rana. Kan ka ce kwabo maƙwabta sun cika, kowa ya zama likita. Wani ya ce a ɗura masa manja, wani ya ce lemon kwalba, wani ya ce jar kanwa ta hanci. Na kusa biye musu. Tsohon murin nan, da na aika a ɗauko shi a babur, shi ya ce kowa ya ja da baya. Abin da aka ɗura ta hanci ko aka tilasta ta baki yana iya zarcewa huhu, ka ga an bar ciwo ɗaya an kamo biyu. Ya sa aka kwashe abincin gabansa, aka riƙa jan sa a hankali a cikin lungu, aka kira likitan dabbobi. Ya tashi, alhamdu lillahi. Amma kwana kaɗan bayan haka kofatansa na gaba suka ɗauki zafi, ya koma tsayawa yana jingina nauyinsa baya, wanda shi ma aikin yawan hatsi ne. Sallar nan a ƙasa na kalli hawa, ga bashin magani a wuyana.

Sauran a taƙaice. Harawa a saye ta da kaka lokacin da take araha, a ajiye a sama inda ruwa ba ya taɓawa, wadda ta yi fumfuna kuma a zubar ko nawa aka saye ta. A share leda daga inda yake, domin dokin birni yana haɗiye ta. A yi masa allurar rigakafin tetanus da maganin tsutsar ciki. Da damina akwai ƙananan ƙwari masu cizo da magariba, su ke yaɗa wata muguwar cutar dawaki mai kumbura saman ido, ta cika huhu da ruwa. Shi ya sa tsofaffi ke turara hayaƙi a barga da yamma. Kar ka zo masa ta baya shiru, don ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, ka yi magana tukuna. Idan ya kwantar da kunnuwa baya, ba shi wuri. Kuma ka sa hular kwano idan kana koyo. 'Yan folo sun fi ka iya hawa, suna sawa.

Ban ce ku bar doki ba. Ina ni ina faɗar haka a Kano? Tarihin sarakunan garin nan ya nuna Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi da sulke, Muhammadu Rumfa kuma, 1463 zuwa 1499, ya fito da dawakin zage, wato waɗanda ake ja ba mahayi a hawan sarki. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Amma ku lura, fadar da ta riƙe wannan al'ada ɗaruruwan shekaru sarauta guda ta ware, Shamaki, don kula da barga. Bayan kowane hakimi da kuke ɗauka a waya akwai muri da zagi, da baduku da maƙeri, waɗanda ba sa fitowa a bidiyo.

Wanda son nan ya kama shi da gaske, ya nemi barga a unguwarsu ya ce wa mai ita yana so ya riƙa taimakawa. Ya kwashe kashi, ya ɗebo ruwa, ya goge jiki, ya koyi ɗaura majayi, ya hau a tafiya ya daɗe a kai kafin sassarfa, sukuwa kuwa sai an ce masa ya isa. Ya yi rani ɗaya da damina ɗaya a haka. Idan har yanzu yana so, to ya je ya tambayi kuɗin damin harawa a watan Mayu, ba da kaka ba, ya haɗa da dusa da ruwa da magani da ladan muri. Ya tuna doki yana kai shekara 25 zuwa 30. Sai ya rubuta lissafin a takarda ya kai wa mahaifinsa, ko maiɗakinsa in yana da aure, kafin ya kira dillali.