Wasiƙa daga Kobentiri: yadda dayosis ɗin nan yake

'Yan'uwa a cikin Ubangiji, na Wusasa da Kaduna da duk inda takardar nan ta same ku, ina gaishe ku. Muna lafiya. Tambayoyinku sun taru: wai cocin Turawa ya mutu ne? Gwamnati ce ke biyan limamansu? Yaya mawaƙansu suke, akwai zumuntar mata kuwa? Zan amsa gwargwadon iyawata.

Dayosis ɗin da nake sujada a cikinsa, wato yankin da bishop ɗaya ke kula da shi, shi ne na Kobentiri, a tsakiyar Ingila. Ya ƙunshi birnin da mafi yawan lardin Warik. Arewacinsa, wajen Nuneaton da Bedworth, ƙasar tsofaffin ma'adinan kwal ce. Gabas akwai Rugby. Kudu kuwa gonaki ne da ƙananan ƙauyuka, kogin Avon na ratsawa ta Stratford. A 1918 aka yanke shi daga dayosis na Wusta, kuma bishop ɗin Wusta na lokacin, Huyshe Yeatman-Biggs, shi ya bar tsohuwar kujerarsa ya zama bishop na farko a nan. An raba ƙasar gida biyu, Kobentiri da Warik, ƙarƙashin acdikin (manyan limamai masu taimaka wa bishop), sannan gundumomi, sannan ikilisiyoyi. Duk wannan kun san irinsa a gida. Abin da ba ku saba gani ba shi ne limami ɗaya riƙe da majami'un ƙauye huɗu ko biyar, ya gama sujada nan ya hau mota ya nufi can.

A irin waɗannan majami'un na san sanyi. Gini ne na dutse mai shekara ɗaruruwa, rufinsa can sama, kuɗin ɗumama shi kuma ya fi ƙarfin mutanen da suka rage. A watan Janairu kana waƙa tururi na fita daga bakinka. Hunturun Jos da muke ba da labarinsa bai kai rabin wannan ba. Sanyin daga ƙasa yake tasowa, ya bi takalmi ya kama gwiwa, har ka kasa buɗe shafin littafin addu'a don yatsu sun sandare. Amma tsofaffin nan, wasu da sanda, ba sa fashi. Su ke sharewa, su ke buɗe ƙofa, su ke lissafin kuɗin gyaran rufi. Wanda ya gan su ba zai ce cocin ya mutu ba. Ya dai ragu ƙwarai, wannan gaskiya ce, kuma tana da zafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne allon da ke jikin bango kusa da ƙofa. A majami'u da yawa za ka tarar an jera sunayen limaman da suka riƙe wurin, kowanne da shekarar da ya kama aiki, wani jerin tun daga shekarun 1200. Idan ka bi da ido za ka ga tarihin ƙasar a ciki. A wasu allunan 1349 na ɗauke da suna fiye da ɗaya, domin shekarar ce annoba ta cinye mutane, limami ya binne jama'arsa shi ma a binne shi. A wasu kuma an sauya limami a 1662, lokacin da aka kori kusan 2,000 da suka ƙi amincewa da dokar littafin addu'a. Yawancin mutanen nan ba su yi suna ba, limaman ƙauye ne kawai, amma akwai wanda ya ɗauki alƙalami ya rubuta su, na bayansa kuma ya adana.

Haka ma a babbar majami'ar Kobentiri. Daren 14 ga Nuwamba 1940 jiragen Jamus suka ƙone ta. Shugaban majami'ar, Richard Howard, ya sa aka rubuta a bangon da ya tsira, "Ya Uba, ka gafarta." An gina sabuwa a gefen kangon, aka keɓe ta a 1962 zamanin Bishop Cuthbert Bardsley. Ba Howard kaɗai ake tunawa ba: sun san sunan maginin da ya ɗaure itatuwa biyu da suka ƙone ya yi gicciye, Jock Forbes, da limamin da ya haɗa gicciyen ƙusoshi, Arthur Wales. Daga aikin sulhun da ya tsiro a nan ne Justin Welby ya riƙa zuwa Najeriya kafin ya zama Akbishop na Kantabari, kuma an ƙulla zumunci tsakanin dayosis ɗin nan da namu na Kaduna.

Mu fa? Kowa ya san Dakta Miller, Baturen mishan, da komawar mishan daga birnin Zariya zuwa Wusasa a 1929. Amma katikis ɗin, wato malamin coci, da ya fara tara mutane a ƙauyenku, a ƙarƙashin itace, wa ya rubuta sunansa? Mai bisharar da ya yi ta yawo da keke tsakanin ƙauyukan Maguzawa, a wace shekara ya zo, ina aka binne shi? Dattawan da suka sani suna nan da ransu, amma kowace shekara muna rasa wasu. Ba aiki ne mai cin kuɗi ba. Matasa biyu da littafin rubutu su zauna da tsofaffin zumuntar mata, domin su ne suka fi riƙe wanda ya zo bayan wane, sai a gwada da rajistar baftisma idan gara ba ta ci ba. A yi kwafi biyu, ɗaya ya tafi ofishin dayosis.

Zancen albashi: gwamnati ba ta biyan limamai. Kowace ikilisiya na aika kasonta ga dayosis, a haɗa da abin da tsofaffin kadarorin coci ke kawowa, daga nan ake biyan su. Batun mawaƙa da zumuntar mata sai a takarda ta gaba. Ku gaida Baba Rabaran da Mama, ku kuma sa mu cikin addu'a.

Ɗan'uwanku a Kobentiri